Ranar da Aka Yi wa Malam Maccido Ta'aziyyar Kansa

Jama'a, ku yi mini afuwa idan rubutun wannan makon ya zo muku a karkace, a kishingiɗe na yi shi. Ranar Alhamis ni da wasu bayin Allah shida muka turo a-kori-kura tun daga bayan gari har cikin Jega, saboda ɗan man da direba ya samu bayan kwana biyu a layi ya ƙare mana muna hango gari. Babbar rigata ta Sallah ce a jikina. Muna cikin turi sai ga jerin motocin manya, goma sha huɗu na ƙirga, kowacce da mutum ɗaya tak a baya, ana ta busa mana jiniya mu kauce. Muka kauce, motarmu ta gangara rami, muka sake cicciɓo ta. Kuma da mu da su duk wuri ɗaya muka nufa, wato taron karrama ma'aikatan lafiya.

Na san za ku ce me ya haɗa Almu mai albasa na Aliero da taron likitoci. Ƙafata ta hagu ce ta haɗa mu. Shekarar da aka ba mu sabuwar jihar nan na je gaida surukaina a wata tunga bayan Sarandosa, ƙishirwa ta sa na sha ruwan tafki. Shekara na zagayowa kurkunu ya ɓullo mini a idon sawu. Wanda bai taɓa yi ba, ya gode wa Allah. Farar tsutsa ce kamar zare, tana fitowa kaɗan-kaɗan, ƙafa na zafi kamar an tura ta murhu. Dashen albasa ya wuce ni ina kwance. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka ɗauke ni aka mayar tungar, don an ce akwai wani malamin asibiti can mai haƙuri, Malam Maccido.

Ɗan siririn mutum ne, ba ya son magana. Ɗakin shan maganinsa ciki ɗaya ne, rabin kwanon rufin iska ta tafi da shi. Kullum da safe zai durƙusa gabana, ya wanke ƙafar, ya naɗe tsutsar a jikin tsinke, yau ɗan kaɗan, gobe ɗan kaɗan, don idan ta tsinke a ciki an shiga uku. Kwana ashirin da uku yana yi. Idan ya gama da mu sai ya hau kekensa marar birki ya zaga tungaye goma sha ɗaya, yana koya wa mata tace ruwa da ƙyalle, yana roƙon masu ciwon kada su tsoma ƙafa a tafki. An zage shi, an ce ya raina ruwan da kakanni suka sha. Wata tsohuwa har da taɓarya ta bi shi. Bai fasa ba. Bana da damina ta faɗi, a duk tungayen nan mutum biyu kaɗai ciwon ya hana zuwa gona.

To ranar Litinin ina jin rediyo, batir ya yi sanyi, magana na zuwa tana ɗaukewa, sai na tsinci cewa za a ba fitattun ma'aikatan lafiya lambar yabo a Jega, kowa da sabon babur. Cikin sunayen na ji an ce Maccido na wajen Sarandosa. Na bar buhunan albasa a rana na tafi kai albishir da kaina.

Na same shi yana ɗaure tayar keke da tsumma. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Almu, ka dai ji da kyau? Ni da na rubuta masu takarda ta fi talatin, ko ɗaya ba su amsa ba."

Na ce, "Malam, ga amsar nan ta zo gaba ɗaya, har da babur."

Bai yi dariya ba, amma na ga ya daɗe yana kallon keken. Matarsa Hamsatu kuwa, wadda ita bakinta ba ya ciwo, ta leƙo ta ce, "In babur na, da ni za a tai. Shekara tara ina wanke rigar ga tai mai warin magani, ni ma a gan ni."

Haka muka isa filin taro mu uku, gumi har cikin takalmi. Rumfa uku aka kafa. Ta farko mai kujerun laushi ta manya ce. Ta biyu ta ma'aikatan ofis ce, sun sha fararen rigunan asibiti masu karin guga, ko ɗigon jini bai taɓa sauka a kansu ba. Ta uku ta kwalaben lemo ce, don kada su yi zafi. Mu aka nuna mana gindin katanga. Malam ya je ya faɗi sunansa ga mai tsaron ƙofa, mutumin ya dube shi sama da ƙasa ya ce kowa ma haka yake cewa.

Taron ƙarfe goma ya fara ƙarfe ɗaya. Babura biyar na jere a gaban rumfa, an ɗaura wa kowane jan ƙyalle a wuya kamar ragon suna.

Lamba ta farko Mai Girma Babban Baƙo aka ba, saboda ya amsa gayyata. Ya miƙa wa kansa da hannun dama, ya karɓa da na hagu, aka yi tafi. Ta biyu aka ba Hajiya Uwar Taro, saboda tausayin marasa lafiya da aka tabbatar tana da shi a zuci. Ta uku ta tafi ga Alhaji Ɗan Kwangila, wanda ya haƙa rijiyar burtsatsen nan da ta ba da ruwa sau ɗaya, ranar da aka buɗe ta, shi ma masu tsegumi sun ce da tankar ruwa aka zuba. Ni ban gani ba, ba zan ɗauki alhakin bawan Allah ba. Ta huɗu direban motar ɗaukar marasa lafiya ya samu, kuma wannan ya cancanta, don duk ragunan layyar manya da ya ɗauko bara ba wanda ya mutu a hanya. Kowa aka kira sai a tura masa babur gefe. Saura ɗaya. Na ji Malam Maccido ya gyara tsayuwa a kusa da ni.

Sai shugaban ma'aikatan lafiya ya tashi. Zan kira shi Likitan Takarda, don ban taɓa jin wanda ya ce ya taɓa masa goshi ba. Ya ciro hankici, ya share ido tun kafin hawaye su iso, ya ce yanzu an zo kan gwarzon gwaraza. Ya ce akwai wani ma'aikaci da ya ba da rayuwarsa a ƙauye, mutumin da ya taɓa rubuto cewa, "Mutum arba'in da bakwai ke kwance a tunga ɗaya, gero ya nuna ba mai yanka, ku taimake mu da ƙyallen tace ruwa ko yadi goma ne."

Malam ya damƙe mini hannu. Ya ce a hankali, "Takardata ce. Ta watan tara."

Likitan Takarda ya ci gaba, lasifika na ƙara tana shaƙewa, mu na gindin katanga muna tsintar rabi. Muka dai ga manya sun ɗaga hannu ana addu'a, mu ma muka ɗaga. Aka shafa, Malam Maccido ma ya shafa, har da amin mai ƙarfi. Daidai nan lasifikar ta washe, muka ji mai sanarwa tar yana cewa, "Allah ya jiƙan marigayi Malam Maccido. Idan iyalinsa na kusa, su fito su karɓi takardar yabo."

Jama'a, na taɓa ganin an yi wa mutum sata yana kallo, amma ban taɓa ganin an yi masa rasuwa yana tsaye ba. Malam bai motsa ba. Bakinsa ya ɗan buɗe, ya dubi hannuwansa kamar mai son ya tabbatar.

Hamsatu ce ta gyara mayafi ta ratsa fili. Mai Girma ya miƙe da kansa, ya karkace kai, ya sassauta murya, ya ce, "Baiwar Allah, sai haƙuri. Yaushe abin ya faru?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ma yanzu nike ji."

Ya ce, "Ai haka mutuwa take, ba ta sallama."

Ta ce, "Gaskiya ne. Ko da sahe tare munka sha kunu, bai hwaɗa mani ba. Ga shi can gindin katanga, shi ar riƙe da takalmana."

Mai sanarwa ya manta bai janye abin magana daga bakinta ba, don haka har masu sayar da rake a bakin titi sun ji. Sai wani daga baya ya fashe da dariya, ta bazu kamar wutar kara. Na ja Malam muka fito tsakiya, ina ɗingishi don a ga shaida.

Nan ne na san ba banza ake zama babban mutum ba. Da ni ne, da ƙasa zan nema ta tsage in shige. Mai Girma ko gezau. Ya karɓi abin magana ya ce, "Alhamdu lillahi! Jama'a ku gani da idonku. Wannan ma yana cikin nasarorin da muka samu a fannin lafiya." Rumfa ta biyu ta miƙe tsaye tana tafi. Nan take ya kafa kwamiti mai mutum bakwai ya binciko ko Malam Maccido na da rai, ya kawo rahoto cikin wata uku.

Na matsa na ce, "Ranka ya daɗe, to babur ɗin fa?"

Likitan Takarda ya amsa, ya ce ai ba a tsara wa marigayi babur ba, tunda ba hawa zai yi ba. Na biyar ɗin na shugaban kwamitin shirya taro ne, wato shi. Ya ƙara da cewa laifin Malam ne: wata takwas ba a ga takardarsa ba, ga shi bai taɓa zuwa gaisuwa ofis ba, me ake so su ɗauka? In yana son a gyara, ya kawo shaida a rubuce daga shugabansa cewa yana raye. Na ce to ai kai ne shugaban. Ya ce shi ya sa, shi kuma ba zai sa hannu ba sai kwamiti ya gama aiki.

Sai da suka juya za su shiga cin abinci Malam ya ce, "Yallaɓai, ƙyallen fa? Yadi goman?"

Aka ce ya rubuto.

A tasha muna jiran mota ya zauna a kan benci, takardar yabon a cinyarsa, an sa ta cikin gilashi, ga "Marigayi" da manyan baƙaƙe. Na fara ba shi haƙuri, don ni na jawo shi. Ya ce, "Almu, ba mutuwar ta dame ni ba, kowa zai yi ta. Ni da na ɗauka takardun nan ɓacewa suke a hanya, har ina zargin direbobi. Ashe suna isa. Ashe har karantawa ake." Ya share fuska da hularsa. Can ya hango wani mai dako yana jan ƙafa, ya miƙa wa Hamsatu gilashin, ya bi shi yana tambayarsa ruwan ina yake sha.

Da na dawo Aliero na ba maƙwabcina Rabi'u mahauci labari. Yana feɗe akuya, bai ko ɗago ba, ya ce, "To kai mi ab abin mamaki? Mai rai shina roƙon bandeji, shina roƙon kwano, gobe ya ce a gyara rijiya. Matacce ko Fatiha ɗai za a ba shi, kuma ba daga aljihun kowa take hita ba."

Na ce, "Rabi'u, ka ji tsoron Allah, manyanmu ne."

Ya ce, "Shi yas sa niy yabe su. Sun iya zaɓe."

Jiya na sami saƙo daga tungar. Malam ya koma kan kekensa. Hamsatu ta yayyanka sabon zanenta na fita unguwa gida goma sha biyu, an raba wa matan da nasu ƙyallen ya yage. Kwamiti kuma an ce ya yi zamansa na farko a Jega, ya amince cewa hanyar Sarandosa ba ta biyuwa sai bayan damina, saboda haka marigayin ya ci gaba da aiki kafin a tabbatar.

Ni dai roƙona gare ku ɗaya ne, masu karatu. Duk ranar da kuka ji wani babba ya ciro hankici yana yabon Almu mai albasa a lasifika, kada ku tsaya shafa Fatiha. Ku biyo ta kasuwa tukuna ku taɓa ni, wataƙila da sauran ɗumi.