Surukin Orville Ya Sayi Bindiga

Wani mutum ne a garinmu, can yammacin Texas, Allah ya hore masa tumbi. Ba irin ɗan tumbin nan na jin daɗi ba, a'a, wannan shi yake fara shiga ɗaki ya gaisa da jama'a kafin mai shi ya iso. Rabon bawan Allahn nan da ganin kan bel ɗinsa, shi kansa ya manta.

Amma ba tumbin ne ya dame shi ba, surukinsa ne, tsoho Orville. Duk Asabar ana gashin nama a gonar Orville. Maza su taru gindin gangar gashi, kowa da bindigarsa a ƙugu, su gama nuna wa juna. Da zarar an buɗe giya kuma, kowa ya kai tasa mota ya kulle, don dokar tsohon ke nan. Mata kuwa suna baranda suna yanka kabeji da albasa. Shi mutuminmu tun da ya auri Darlene, 'yar Orville, a baranda aka ajiye shi, saboda ba shi da bindiga. Ya yanka albasa har idonsa ya daina hawaye.

Ranar da ya yi ƙarfin hali ya matso gindin ganga, sai Royce, wan Darlene, ya dube shi sama da ƙasa.

"A'a, uwargida! An gama kabejin ne?"

Maza suka kwashe da dariya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya rantse sai ya tsaya gindin gangar nan ko ana ha maza ha mata.

Ya shiga ajin koyon riƙe bindiga, ya karɓo lasisinsa, ya zarce shagon bindigogi na tsohuwa Wanda.

"Sannu da aiki, Mama. Ƙarama nake so, ta ɓoyewa a jiki."

"To madalla. Wace iri?"

"Wadda ba wanda zai gan ta, amma kowa ya san ina da ita."

Wanda ta sauke tabarau. "Ɗan nan, zaɓi ɗaya."

"Duka biyun nake so."

"To sayi ƙarama, bakinka ya ƙarasa sauran aikin."

Ta ɗauko wata ta maƙala masa a gefen ƙugu. Ya yi taku biyu, wando ya ce sai wata rana, ya sauka gwiwa. Ta mayar da ita gadon baya, ta ce ya zaro. Ya miƙa hannu, ya juya, ya sake juyawa, ya yi ta zagaya kansa a tsakiyar shago, hannu bai kai ba.

"Bari mu gwada idon sawu," in ji Wanda. Ta ɗaure masa. "Sunkuya ka zaro."

Ya sunkuya. Fuska ta yi jawur, numfashi ya tsaya, yatsu suka ƙare a gwiwa.

"Ba laifi," ta ce. "In ɗan fashi ya tare ka, sai ka roƙe shi ya kawo maka kujera."

Daga ƙarshe ta ɗauko wata 'yar mitsitsiya, ba ta wuce tafin hannu ba.

"Ɗaga."

Ya sa hannu biyu ya tallabo tumbi. Ta maƙala kuben a gaban bel.

"Saki."

Ya saki. Tim! Bindiga ta yi ɓatan dabo. Wanda ta zagaya shi, ta duba ta gaba, ta duba ta gefe, ta riƙe baki.

"Na tsufa a sana'ar nan, ban taɓa ganin ɓoyo irin wannan ba. To gwada zarowa mu..."

"Haba Mama, na yi aji fa!" Ya biya, ya fice yana taƙama.

Kullum da safe sai ya maƙala ta tun wando yana ƙasa, ya ja sama, ya saki tumbi a kai. Sai dai fa an ɓoye da yawa. Ya zagaya gari kaf, ko kare bai kula ba. Ai kuwa sai ya canja tafiya: ƙafa a ware, hannu a buɗe, yana yi yana shafa ƙasan ciki yana harare-harare.

A bakin kanti ya haɗu da maƙwabciyarsa, tsohuwa Opal.

"Wayyo, sannu ɗana. Gwaiwa ce ko? Marigayi mijina ma haka ya riƙa tafiya kafin a yi masa aiki."

Ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Mama, wani abu nake ɗauke da shi a nan, amma ba a faɗa."

"Na sani, ai ba a faɗa. Kar ka ji kunya, lalura ce."

Ranar Lahadi coci guda ta tashi tsaye ta yi masa addu'ar samun sauƙi. Shi kuwa yana ta sunne kai yana murmushi, a zatonsa labari ya bazu, an fara girmama shi.

Asabar ta zo. Maza suka gama nune-nunensu, aka buɗe giya, kowa ya kai tasa mota. Mutuminmu bai nuna tasa ba. Ya ƙi giya, ya riƙe shayinsa mai ƙanƙara, ya zauna a baranda yana yanka albasa yana jiran ranarsa. Haƙarƙarin da aka miƙo wa mata kuwa, rabi a cikinsa ya ƙare.

Can sai aka ji kacau-kacau-kacau. Wani ƙaton maciji mai ƙararrawa a jela ya fito daga cikin itacen gashi, ya naɗe daf da ƙafar Orville. Tsohon yana zaune a kujera, ya tuɓe takalma yana shan iska. Bindigogi kuwa duk suna can kulle a motoci, bayan shinge.

Mutuminmu ya yar da wuƙa, ya gangaro daga baranda ƙasa tana girgiza.

"Kada kowa ya motsa! Ina ɗauke da bindiga!"

"Kai?" in ji Royce. "A ina?"

Ya yaye riga. Ya cusa hannu ɗaya, babu hanya, haƙarƙari ya ƙara wa ƙofa nauyi. Ya sa hannu biyu ya tallabo tumbi, to ga hanya ta buɗe, amma da wane hannun za a zaro? Ya saki ɗaya. Tim! Ya sake tallabowa, ya sake saki. Tim!

Maciji ya ɗaga kai.

"Royce! Zo ka sa hannu ka zaro!"

"In sa hannu a ina?"

"Ƙarƙashi mana!"

"Wallahi gara macijin ya sare ni."

Orville ya yi magana ta tsakanin haƙora, ko leɓe bai motsa ba. "Royce, ubanka ne zai mutu. Sa hannu."

Royce ya runtse ido, ya kau da kai, ya zura hannu har gwiwa. Ya lalubo wani abu mai tauri, ya fizgo, ya auna maciji da shi.

Rimot ɗin talabijin ne.

Darlene ta ƙwala ihu daga baranda. "Rimot ɗina! Ni da nake ta zargin kare!"

"Sake! Yi hagu kaɗan!" in ji mutuminmu, gumi yana tsiyaya.

Royce ya sake zurawa. Ya fito da rabin biskit.

Ana cikin haka sai matar Orville ta sauko da shebur, ko sauri ba ta yi. Ta ratsa tsakanin mazan, ta ɗaga, ƙwas! Kan maciji ya yi gefe. Ta jingine shebur, ta goge hannu a jikin riga.

"In kun gama, kabeji yana jira."

Orville ya sauke numfashi, ya jawo takalmansa ya saka. Royce yana can bakin famfo yana dirje hannu da sabulu. Mutuminmu ya saki tumbi, ya gyara riga, ya matso yana haki.

"Baba, ka dai gani da idonka. Duk cikin mazan nan ni kaɗai nake a shirye. Yanzu kam ai na tsaya gindin ganga ko?"

Tsohon ya dube shi, ya dubi tumbin, ya miƙa hannu a hankali ya rufe murfin ganga.

"Cikin da ya haɗiye bindiga ta waje, shi zan matso da shi kusa da namana?"