Farfesan Muƙamuƙi na Kadawa

Duk faɗin ƙasar Kura da Bunkure, har inda ruwan kanal na noman rani ya gaji ya tsaya, ba a taɓa yin masanin jikin ɗan Adam kamar Alhaji Sammani dillalin tumatir ba. Wasu sai sun tsufa a jami'a kafin a kira su likita. Shi kwanciya ɗaya ya yi a gadon asibiti a Masar, ya dawo Farfesa.

Asali muƙamuƙinsa ne ya riƙa ƙara, ƙas-ƙas, in yana tauna nama, har ya kai bakin ba ya buɗuwa sosai. Kasuwar Kadawa ta sami hutun da ba ta roƙa ba. Aka kai shi Alƙahira, likitoci suka huda gaban kunnensa wuri biyu, suka zura ɗan madubi, suka wanke gaɓar, suka sallamo shi.

Tabon ne ya ci masa mutunci. Mutum ya hau jirgi, ya dawo da ɗigo biyu kamar cizon sauro! Don haka ya naɗe kai da bandeji har sai da ya yi launin ƙasar fadama. Da ya kwance shi, sai ya buɗe makaranta a gindin kwandunan tumatir.

"Ku manoma ba za ku gane ba," in ji shi. "Tsakanin ƙashin haɓa da ƙoƙon kai akwai wani ɗan faifai na guringuntsi. Nawa ne ya goce. Jijiyar da ke motsa fuska kuwa nan kusa take, kaurin gashi. Ana aikin ina kallo a talabijin, na ce wa Balaraben, likita, yi dama kaɗan! Ya ce, sadaƙta ya Alhaji."

Direbobi suka sha wannan karatu, masu tallar abinci suka haddace shi. Duk wanda ya yi hamma a gabansa sai ya tafi da sakamakon gwaji.

Wata Laraba Malam Hammadu, mai gonar albasa, ya yi hamma a bakin rumfa, bakin ya ƙi rufuwa. Miyau na zuba, ido ya raina fata. Aka tsai da ɗan acaɓa za a kai shi asibitin Kura.

"Asibitin me, ina raye?" in ji Farfesa. Ya sa aka danne Hammadu a kan buhu. Ya ɗauki gawayi ya ja masa layi daga kunne zuwa gefen ido, ya ɗiga alama. "Nan ake shiga. A sayo min babbar allura a kemis."

Hammadu yana ta gurnani, yana roƙo da hannu biyu. Farfesa ya ce godiya yake yi.

Ana haka sai ga Hajiya Kubra, yayar Alhajin, wadda ta yi jinyarsa a Masar, ta zo sayen kayan miya. Ta dubi allurar, ta dubi ƙanenta.

"Sammani, yaushe ka fara iya kallon allura? Ba kai ne ka sume tun a bakin ƙofar tiyata ba? Ɗaukarka aka yi ranga-ranga. Har aka gama ba ka san inda kake ba, ka farka kana kiran Inna."

Masu danne Hammadu suka sake shi a hankali. Kafin a ce wani abu ya haye bayan babur da kansa, baki a hangame, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba.

Farfesa ya gyara zaman hularsa, ya dubi jama'a a wulaƙance.

"To, ko a sume nake," ya ce, "ai a kaina aka yi."