Kwana Dubu Babu Haɗari, In Ban Da Ƙafar Yamusa

Jama'a, yau ni na zama jaki. Tun daga Mararaba muka sha cunkoso, muna sauka na goya maƙwabcina Yamusa kafinta har cikin wani gini da ake yi wajen Dei-Dei. Oga ne ya aiko lallai ya zo, da ƙafa ko ba ƙafa.

Ranar Litinin ya faɗo daga hawa na biyu. Katakon da suke takawa ya tsage tun damina, kowa ya gani, kowa ya ce ai shekara uku ana hawa bai taɓa kada kowa ba. Sabo turken wawa! Ƙafar dama ta karye. Sai aka tsallake asibiti aka kai shi wajen mai ɗori, domin asibiti na rubuta takarda, takarda kuwa za ta taɓa allo.

Allon nan na bakin ƙofa ne, ƙato, an rubuta kwana nawa aka yi babu haɗari. Kullum da safe Timothy mai gadi ke ƙara ɗaya. Yau ya cika dubu, har manya za su zo su ba da lambar yabo.

Na ce, "Timothy, ƙafar nan fa?"

Ya ce, "Baba, ni lamba aka ce in ƙara. Ba a ba ni na ragewa ba."

Sharaɗin Oga a fili yake: Yamusa ya tsaya a layin baya a ɗauki hoto, ya kama bakinsa, aikinsa na jiransa in ya warke. Matarsa Indo ma sai da ta biyo mu har ƙofar gida tana cewa, "Malam, don Allah ka riƙe masa baki, 'ya'ya biyar ne."

Ai kuwa na ga tsari. Aka buɗe sito aka fito da hulunan kwano, fes, ko ƙura babu, don ana tattalinsu kada aiki ya ɓata su. Aka tura Timothy ya nemo makullin ƙofar gudun gobara, ashe yana aljihun wanda ya tafi hutu. Mai Girma Sarkin Kiyayewa, babban mai duba kariyar ma'aikata, ya iso da motoci huɗu, ya duba shinkafa da kyau, ya duba kaji ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ƙara wa Sarki ido. Sama ce kawai bai kalla ba, wataƙila likita ya hana shi ɗaga wuya.

Yamusa kuwa ya kalla. Katakon nan dai ne, an juya shi tsagar ta koma ƙasa, ga James birkila yana shirin hawa ya ɗaura ƙyallen murna. Na matse masa hannu, wallahi na matse, ni ma tsoro nake ji. Ya fizge.

"James, kada ka taka! Shi ya karya ni!"

Sarki ya ajiye cinyar kaza ya ce, "Wane ne wannan?"

Oga ko gezau. "Ranka ya daɗe, tsohon ma'aikacinmu ne. Tun Lahadi muka sallame shi."

Lahadi fa, jama'a! Kwana ɗaya kafin ya faɗo. Aka yi tafi, aka miƙa lambar yabo, aka karɓe hular kan Yamusa aka mayar sito. Raina ya ɓaci.

James ya fasa taka katakon, ya sauko da ƙafafunsa biyu, shi ya taya ni goyo zuwa titi. Yanzu ina tunanin abin da zan gaya wa Indo.

Af, na tambayi Timothy, na ce gobe fa? Ya ce dubu da ɗaya, in Allah ya kai mu.