Rasuwar Allon Rubutu a Hannun Mai Guga

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Mai Walda na hawa na biyu, sakataren mazauna wannan gida, yake sanar da rasuwar allon rubutunsa mai naɗewa, wanda 'yan zamani ke kira kibod. Yana kuma sanar da cewa ba mutuwar Allah da Annabi ya yi ba. Kashe shi aka yi. Ƙanin matarsa, Mai Guga na ƙarƙashin matakala, shi ya kashe shi ranar Litinin da hantsi, da hannu biyu, da gwiwa, da dutsen guga.

Marigayin ya shekara uku da wata biyar a gidan nan, kuma ba da ka aka kawo shi ba. Mai Walda ya shekara talatin yana riƙe ƙarfe mai zafi, yatsunsa duk sun yi kanta, har gilashin ƙaramar kwamfutarsa ta hannu ba ya jin taɓinsa, in kuwa ya ji sai ya rubuta harafi uku a lokaci guda. Mutumin da ya koya wa kansa karatu da rubutun jikin kwalayen kayan aiki ba zai yarda gilashi ya mayar da shi jahili ba. Don haka ya yi Asabar uku yana zuwa kanti. Alluna bakwai aka jera masa. Ya ƙi mai naɗewa gida uku, domin gaɓa biyu wurin karyewa biyu ne. Ya ƙi na roba da ake naɗewa kamar tabarma, domin in an danna shi ba ya amsawa. Ya ƙi wani mai madannai ƙanana kamar ƙwayar wake. Marigayin kuwa sau arba'in ya buɗe shi ya rufe, yana kara kunne a gaɓar, har mai kantin ta jawo kujera ta zauna.

Duk wanda ya zauna da marigayin ya san halinsa. Ba waya tsakaninsa da kwamfutar, amma bai taɓa yi mata nisa ba. Sau ɗaya a wata yake neman caji. Yana shiga aljihun gaba ba tare da ya ja rigar ba. Bai taɓa gyara wa mai shi kalma ba, abin da aka danna shi yake rubutawa, halin da ya yi ƙaranci har a cikin mutane. In an buɗe shi ya ce ɗas, in ana aiki ya ce ƙas-ƙas-ƙas, iyakar maganarsa ke nan. Da shi aka rubuta takardar da ta sa aka gyara famfon tsakar gida, da wadda ta dawo da ƙwan fitilar baranda, da guda shida zuwa ga direban da ke ajiye mota a bakin ƙofa.

Ga yadda abin ya faru. Mai gidan haya ya aiko cewa a kwashe teburin guga daga ƙarƙashin matakala kafin ƙarshen wata. Takardar koke kuwa dole ta isa ofishin kula da gidajen haya ranar Alhamis kafin sha biyun rana, in ba haka ba Mai Guga ya rasa wurin sana'arsa. Shafi tara Mai Walda ya tsara, ya rubuta huɗu. Ranar Litinin ya sauko da marigayin, ya buɗe shi a kan teburin gugar don ya ɗauki bayani daga bakin mai wurin. Sai aka kira shi ya duba wata ƙofar ƙarfe da ta ƙi rufuwa. Minti ashirin ya yi.

Mai Guga mutum ne da ba ya iya ganin abu a buɗe ya ƙyale shi. Ya taɓa naɗe kalandar falo. A sana'arsa kuma riga fuskarta waje ake bari, maɓallai a sama, hannuwa a baya, don mai kaya ya ga aiki. Da ya dubi marigayin ya ga fuska cike da madannai, sai ya naɗe shi ta baya. Marigayin ya turje, sai Mai Guga ya sa masa gwiwa. Da ya ga naɗin ya ƙi kwanciya, ya shimfiɗa masa ƙyalle ya ɗora dutsen guga da sauran zafinsa. Sannan ya sa shi a leda ya ajiye a saman kayan mutane. Da Mai Walda ya dawo, abin da aka tare shi da shi shi ne, "Yaya, ga shi na kintsa maka. Da ma naɗinsa a karkace yake."

An garzaya da marigayin wurin mai gyaran waya. Madannai biyar sun narke sun haɗe. Ɓangaren hagu ya kwana yana motsi, na dama bai farfaɗo ba. Ranar Talata da safe 'yar fitilarsa shuɗiya ta ƙifta sau biyu, ta ɗauke.

Ya rasu ya bar kwamfutar hannu ɗaya, wadda har yanzu in an kunna ta sai ta yi ta nemansa, ba wanda ya iya gaya mata. Ya bar igiyar caji, da jakar yadi, da shafi biyar da ba a rubuta ba.

Uwargida ta zo ba da haƙuri, ta ce, "Maigida, allo ne fa, shi kuwa ƙanena ne, kuma da kyakkyawar niyya ya yi." Mai Walda ya ji. Amsarsa ita ce niyyar ya gani, gaɓar kuma a karye take, kuma mutum mai shekara arba'in in ya naɗe abu ya ji yana turjewa, tsayawa yake yi ya tambaya.

Yau Laraba bayan an tashi daga aiki mai gyaran waya zai cire batirin. Za a naɗe gawar ta fuskar da ta dace, gwargwadon yadda ta yarda, a sa ta a jakarta, a ajiye a aljihun tebur na sama a shagon walda. Ana karɓar gaisuwa a bencin matakala. Kada kowa ya zo da shawarar sayen sabo. Zaɓen allo Asabar uku yake ci, Alhamis kuwa gobe ce.

Shafi biyar ɗin da suka rage Mai Guga ne zai rubuta su a kan gilashi, da yatsunsa, a zaune a kan 'yar kujera, Mai Walda na faɗa, shi kuma yana dannawa. Layin da aka yi kuskure a cikinsa za a sake shi daga farko. In takardar ba ta isa ba, teburinsa ne za a fitar. Wannan sanarwa ita ce gwajinsa, kuma awa huɗu ta ci masa. An kuma hana shi naɗe duk wani abin da ba shi da wuya da hannuwa a gidan nan.