Gurbi Ɗaya a Kalandar Gari

"Lafiya lau, sai dai maigidan nawa ya sake zuwa hannu biyu, ba cefane," in ji tsohuwa, tana matsa wa jikanta wuri a bencin baranda.

"Amaryar da haƙoranta suka yi ƙaura, me za ta tauna?"

Daga barandar nan ana ganin garin duka, don ba shi da yawa: tituna biyu da suka haɗu a gindin tankin ruwa, kantin magani, makaranta mai shuɗin rufi, sai tashar bas. Can nesa babban birni yana reto cikin hayaƙi kamar abin da aka gani a mafarki. Da safe yakan kwashe mutanen garin, da yamma ya maido su a gajiye.

Jikan a gidan ɗab'i yake aiki. An ba su kalandar fitattun garin, kowane wata mutum ɗaya, gobe za a buga, saura gurbi ɗaya. Kwana bakwai ke nan tsohuwa tana kai wa Allah maganar bayan kowace salla: so take a sa marigayi mijinta, direban bas.

Ya shimfiɗa mata shafukan a cinya. Duk ta san su. Ɗan ƙwallon nan, ta ce, yana shekara huɗu aka bar garin da shi. Mawaƙin kuwa motar uwarsa ce ta lalace a tasha, aka haife shi, aka wuce. Likitan ko layinsu ba zai gane ba yanzu, alhali da hancinsa yana yoyo bas ɗin marigayi ne ke kai shi makaranta.

"Wato fitacce shi ne wanda ya fita ke nan ya bar mu?" ta tambaya. "Sa mini wanda ya zauna."

"Ina raye kina yabon wani miji a gabana? Wanda keke ma ke wuce bas ɗinsa?"

"Jira yake yi, mai kan tulu. Shekara talatin bai taɓa barin kowa a titi ba."

Ta kai idonta kan tasha. Sai ta ga kamar ƙofar bas ɗin na buɗe har yanzu, injin yana gunaguni a hankali.

Jikan ya sassauta murya, ya ce gaskiyar magana ba a sa mutum sai da hoto. Tsohuwa ta laluba jakar carbinta, ta zaro guda ɗaya tak da take da shi. Bas ne tsaf, kujerar direba ba kowa. A can gefe rabin mutum ya yi dishi-dishi, hannunsa a sama.

"Ina angon?"

"Ga shi nan. Mai hoto na ƙirga uku, marigayi ya hango wata da goyo tana gudu, ya fita kiranta."

Jikan ya daɗe yana kallon hannun nan. Sannan dariya ta ƙwace masa, ya sa hoton cikin aljihun ƙirji, ya dafe.

"Na ba shi watan ƙarshe. Amma a ƙasa zan rubuta: wanda ya riga ni."

"Rubuta da manyan baƙi," in ji ta, tana goge ido da bakin mayafi.