Ranar da Na Zama Malam Tanimu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban jama'ar ƙananan hukumomi uku na rantse zan kama musu ɓarawon taki kafin la'asar. Na kuwa cika alkawari, azahar ma ba ta yi ba na kama shi. Sai dai bari in faro muku daga tushe.

Ni 'yar Ikara ce. A lokacin na gama difloma a fannin kwamfuta, ina zaman jiran aiki, kuma ba ni da kwamfutar kaina. Duk abin da na iya na rubuta manhaja, a laftof ɗin ƙawata Rifkatu na koye shi, wata tsohuwa da sai an tokare murfinta da littafi take tsayuwa (idan aka ɗauke wuta kuwa, kafin ka yi salati ta mutu). Baban Rifkatu aikin asibiti ne ya kawo shi garinmu tun ba a haife mu ba, tare muka taso. Ita mai sanyi ce da lissafi, ni kuwa Allah ya yi ni da baki da rawar kai.

Sai ga sanarwa: wata ƙungiya mai zaman kanta ta shirya gasa ga matasan Ikara da Maƙarfi da Kudan, kowace tawaga ta rubuta manhajar da za ta taimaka a yaƙi da cin hanci da almundahana. Waɗanda suka zo na ɗaya, kowa sabuwar laftof, sannan a kai su Kaduna horo. Sabuwar laftof fa! Ranar da na ga sanarwar ko mayafi ban yafa daidai ba na ruga gidan su Rifkatu.

Ba mu sha wahalar neman abin yi ba. Duk damina kuka ɗaya ake yi a wajenmu: an kawo takin rangwame, manomi na gaskiya ya yini a layi ya koma hannu rabbana, saboda jerin sunayen cike yake da mutanen da ba a taɓa haifa ba. Rifkatu ce ta gano lagon. Ta ce suna kowa zai iya ƙirƙira, amma lambar waya dole ta zama mai aiki, tunda ta nan ake turo saƙon a zo a karɓa. Muka rubuta manhajar da za ta tankaɗe jerin, ta ware sunayen da suka taru a kan lamba ɗaya. Muka raɗa mata suna Matankaɗi.

Abu biyu muka yi gardama a kai. Rifkatu ta nace sai an rufe lambobin da taurari a kan allo, don kada a watsa sirrin mutane. Na yarda da ƙyar. Ni kuma na kafe sai an sa wani jan maɓalli wanda da an danna, manhajar za ta kira mai lambar nan take, a ji muryarsa a lasifika. Ta ce wannan neman suna ne kawai. Na ce ai neman sunan muka je yi. (Ku riƙe wannan: da hannuna na rubuta maɓallin nan, har na zaɓa masa kalar da ta fi ɗaukar ido.)

Yanzu sai in gabatar muku da Kawu Sale, ƙanen Innata. Dillalin hatsi ne, da duk abin da kasuwa ta kawo, mutum mai fara'a da kyauta. Damina biyu kafin gasar ya taɓa kirana gefe ya ce wayarsa ta cika, saƙo ba ya shiga, zai ba da lambata a wani waje, duk abin da ya shigo in tura masa ta wayar matarsa. A gidanmu ba a tambayar babba dalili. Saƙo ya shigo, in ga sunan wani namiji a sama, in ce abokan cinikin Kawu ne, in tura. Shi kuma ya turo min katin waya. Na san kun riga kun hango inda labarin ya dosa. To ni, mai difloma, ban hango ba.

Gasar a Maƙarfi aka yi ta, a zauren wata makaranta. Kawu da kansa ya ce ba zai yiwu 'yarsa ta hau motar haya ba, ya kwashe mu a tsohuwar motarsa. Bai san me muka rubuta ba, shi dai ya san "yaran nan sun ƙera abu a kwamfuta". Ya tsaya ya saya mana rake a bakin hanya, duk wanda ya gaisa da shi sai ya nuna ni ya ce Kaduna za a tafi da ni. Da muka shiga ya nemi kujerar gaba ya zauna, ya gyara babbar riga.

Zaure ya cika maƙil: ɗalibai, malamai, wakilan manoma, 'yan kallo. Samarin Kudan suka nuna manhajar ɗaukar hoton ayyukan da aka fara aka watsar. Wasu 'yan mata na Maƙarfi suka kawo ta bin diddigin magani. Duk sun yi ƙoƙari, amma ni a raina na riga na fara tunanin jakar da zan saya wa laftof ɗina. Da aka kira mu na ajiye jakar hannuna a kan tebur, dab da makirfo, na karɓe magana. Rifkatu tana kan kwamfuta.

Jama'a, na yi zuba. Na yi maganar manomin da ya sayar da akuyarsa, na yi maganar masarar da ta yi rawaya don yunwa, na ce duk wanda ya ci haƙƙin manomi asirinsa zai tonu, yau ma ba sai gobe ba. Aka ɗauki tafi. Wanda ya fi kowa tafi Kawu Sale ne, har yana ɗaga guntun rakensa sama yana cewa gaskiya ne.

Shugabar alƙalan wata dattijuwa ce da ta yi ritaya daga aikin binciken kuɗi, kowa Hajiya yake ce mata, tabarau a ƙarshen hanci. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce sunayen gwaji da muka ƙirƙira ba su ishe ta ba. Ta ciro filashi daga jakarta, ta ce jerin gaske ne, wata ƙungiyar manoma ce ta ba da shi da yardarta don a gwada. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Rifkatu ta loda, majigi ya haska bango, Matankaɗi ta fara aiki.

Ko minti ɗaya ba a yi ba sakamako ya fito. A can sama, sunaye uku a kan lamba ɗaya: Malam Tanimu na Furana, Malam Shehu na Malikanchi, Malam Audu na Gazara. Gari uku, waya ɗaya. Zaure ya kaure da sowa, wakilan manoma suka miƙe tsaye. Daɗi ya kama ni har kunnuwana suna zafi. Sunan Tanimun nan ya ɗan yi min kama da wanda na taɓa gani a wani waje, amma wa yake da lokacin tunani ana yi masa tafi?

Rifkatu ta raɗa min cewa ya isa haka, mun riga mun ci, in bar maɓallin nan. Na ture hannunta. Na juya ga jama'a na ce su yi shiru, yanzu za su ji muryar mutum uku daga baki ɗaya. Na danna.

Lasifika ta fara ƙarar shigar kira. Sai zakara ya yi cara.

Wallahi da farko na ɗauka na gaske ne ya shigo zauren, har na leƙa ƙarƙashin tebur. Sannan na tuna carar zakara na sa a wayata, ita ce ƙarar kira, ita ce kuma ke tashe ni da asuba, kuma ga ta can cikin jaka, bakin makirfo. Aka fashe da dariya, wani malami ya ce don Allah a kashe waya ana abu mai muhimmanci. Na ba da haƙuri, na zura hannu a jaka na katse kiran ba tare da na duba ba. A daidai wannan lokacin kiran lasifika ma ya katse.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ce wa jama'a kun gani ko, ɓarawon ya ji tsoro ya kashe. Na sake dannawa.

Zakara ya sake cara. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Rifkatu ta zuba wa lambobi biyun ƙarshe da taurari ba su rufe ba ido, sannan ta juyo ta dube ni, bakinta a buɗe.

"Ɗauki wayar mana, 'yata," in ji Hajiya.

Na ɗauka. Ban san abin da ya kai ni yin sallama ba, amma na yi, muryata ta fito daga lasifika ta cika zaure.

Hajiya ta amsa sallamar har da wa barakatuhu. Ta gyara tabarau ta ce, "Da Malam Tanimu nake magana, ko Malam Shehu?"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Har masu rake a waje sai da suka leƙo ta taga. Ni kuwa komai ya dawo min lokaci guda: "Malam Tanimu, takinka ya iso." Sau nawa na ga layin nan na tura, na karɓi kati na yi godiya? Na waiwaya kujerar gaba. Babu Kawu, babu babbar riga, sai guntun rake a ƙasa.

Da dariya ta lafa, Hajiya ta tambaye ni a natse ko manhajar ce ta yi kuskure. Ga ƙofa a buɗe. In na ce e, na tsira, Kawu ya tsira, sai dai Matankaɗi ta zama abin banza, laftof da Kaduna sun tafi, kuma ba nawa kaɗai ba, har na Rifkatu da ta yi wata biyu tana tokare murfi da littafi. Rifkatu dai ta sunkuyar da kai. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in bi ƙofar nan.

"Ba ta yi kuskure ba, Hajiya," na ce. "Lambata ce. Damina biyu ina tura saƙon ga wani babba a gidanmu, ban taɓa tambaya ba."

Wani daga baya ya ce ai sun ga fitar babban. Hajiya ta tsawatar, ta ce sauran magana tsakanin ƙungiyar manoma ne da shi, ni in koma in zauna. Na koma na zauna.

Da aka zo faɗin sakamako ina can na lulluɓe fuska da mayafi, sai na ji an kira Matankaɗi a matsayi na ɗaya. Hajiya ta ce manhajar da ba ta raga wa mai ita ba, ba za ta raga wa kowa ba. Rifkatu ta rungume ni tana tsalle tana kuka, ni kuma na rasa murna zan yi ko in nemi rami. A hoton da aka ɗauka ranar, ita tana dariya, ni kamar an miƙa min takardar sammaci.

Motar da ta kawo mu ta daɗe da kama hanya, don haka tasha muka nufa, kowa da kwalin laftof ɗinta a ƙirji. A cikin motar haya wani tsoho da ya halarci taron, mutumin Furana, ya leƙo fuskata ya tambaya ko ni ce Malam Tanimu. Fasinjoji suka yi dariya, shi ma ya yi. Sannan ya ce, ba tare da fushi ba, ya daɗe yana son ganin mutumin nan, domin damina biyu ke nan ana kiran sunansa a ba shi buhu, shi kuma tsohon in layi ya zo kansa a ce taki ya ƙare. Ya sa min albarka ya juya. Duk dariyar zauren nan ba ta yi min ciwon wannan maganar ba, har muka iso Ikara ban ɗaga kai ba.

Labari ya riga ni isa gida. Inna ko kwalin ba ta kalla ba, ta ce na kyauta, na kwance wa ɗan'uwanta zani a kasuwa. Kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu. A na biyar ta shigo ɗaki ta tarar ina aiki, ta tsaya a kaina ta ce in duba mata ko an sa tata lambar a wani waje.

Ƙungiyar manoman ta goge malaman nan uku daga jerinta. Kawu ya yi wata biyu bai tako gidanmu ba. Ranar da ya zo, ya gama gaisawa da Inna, zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a gaishe masa da Malam Tanimu. Sunan kuwa ya bi ni har Kaduna, yau ko a kasuwar Ikara aka kira shi sai na waiwaya.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka ƙera matankaɗi, fara zuba garin gidanku a ciki tun babu 'yan kallo. In babba ya nemi lambarka, ka durƙusa da ladabi ka tambaye shi ina za ta. Zakaran ma na cire shi daga wayata. Ya riga ya tashe ni.