Kan Ashana da Rawanin Tanko

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki sarauta sukutum na miƙa wa abokin takarata ba.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba Sarkin Bakan Ɗantutture, shugabanmu na maharba, ya rasu ana tsakiyar damina. Birai da gyado suka samu sake, suna shiga gonaki kamar na ubansu. Mai gari ya ce dole a naɗa wani. Mu biyu muka fito, ni da Tanko. Ni kam ban ɗauki Tanko a bakin komai ba. Mutum ne mai sanyin jiki, in ya harbi zomo sai ya tsaya kamar zai ba shi haƙuri. Ni kuwa in na saɓa bindiga har tafiyata canzawa take yi (Allah ya yafe mana). Aka ce ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, za a rataya ƙwarya a reshen gawo, kowa ya gwada hannunsa a gaban jama'a.

Bindigoginmu na ɗuri ne. A zuba albarushi ta baki, a bi shi da harsashi, sannan a kifa wata 'yar hular tagulla a inda ƙarfe ke sara in an ja kunama. Ita ke tayar da wuta, in babu ita bindiga sanda ce kawai. To, nawa sun ƙare. Na taka har Dutsin-Ma, mai kanti ya ce sai motar Katsina ta zo. A hanyar dawowa na ci karo da Tanko, ya ji abin da ya kai ni, ya buɗe burgaminsa.

"Ga nawa nan, ɗebi abin da ya ishe ka."

"Riƙe kayanka," na ce masa. A raina ina cewa, wa ya san abin da ka tofa a ciki?

Na taɓa ganin wani maharbi a Kurfi ya yi dabara da kan ashana a madadin hular, bindigarsa ta tashi lafiya lau. Abin da ban lura ba, shi da rani ya yi. Ni kuwa ashanar da na ɗauko ta kwana ta wuni a madafin matata, inda rufi ke yoyo. Ban ko gwada ba, don a ganina gwaji na masu shakkar kansu ne.

Ranar Juma'a gari ya taru. Tanko ya fara, da ƙyar ya gutsuri gefen ƙwaryar, ya koma ya zauna yana tauna goro. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na fito makaɗi na bina, na yi kirarin da ya fi na ubana tsawo, na durƙusa, na saita, na ja kunama.

Ƙyas!

Na sake ja. Ƙyas! Makaɗi ya sassauta hannu. Daga can baya wata tsohuwa ta kece da dariya. Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina, kuma da na yi shiru a nan da abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Sai na miƙe na nuna Tanko da yatsa.

"Ranka shi daɗe, ɗaure mani bindiga aka yi! Ga wanda ya ɗaure ta nan! Bindigar ga tun zamanin ubana ba ta taɓa ƙin tashi ba. Da idona na ga bakinshi na motsi!"

(Goro ne fa bawan Allah yake ci.)

Na ga waɗanda ke kusa da Tanko suna ja da baya, na ce a raina yau ka shiga uku. Mai gari ya dube shi.

"Tanko, da gaske kai ka ɗaure ta?"

"Ranka shi daɗe, ni dai ina zaune."

"Kun ji ko!" wani dattijo ya ɗaga murya. "Shina zaune ma ya yi! Ina ga ya tashi tsaye?"

Mai gari ya gyara zama ya ce, "To mi muke nema kuma? Wanda ya ɗaure bakin bindiga daga zaune, bakin kura ne zai gagare shi? A kawo rawani."

Na shiga rantsuwa cewa ashana ce ta jiƙe, har na tono ta ina nuna wa mutane a tafin hannu. Ba wanda ya kalla. Dattijon nan ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba, ka faɗi gaskiya da farko, kada hassada ta sa ka lashe amanka." Makaɗin da na ɗauko da kaina ya juya ya koma bayan Tanko.

Tanko ya yi shekaru yana sarauta, mutane na zuwa tun daga Birchi neman maganin bindiga, yana ce musu ba shi da komai, suna cewa kun ga zurfin ciki irin na manya.

Abin da na koya dai, kowace bindiga a ba ta hularta. In kuma har ka ƙudura yi wa abokin takara ƙage, ka tsaya ka duba tukuna, kada ya zamana abin da ake nema ke nan a wurin wanda za a naɗa.